Ishbel Pirie da Mutanen Ƙarƙashin Ciyawa

Ishbel Pirie ba ta taɓa ratsa filin ƙwallon Ardlennie a miƙe ba. Duk Litinin da safe takan fito daga ɗakin wanki da kwandon jesuna a ƙugu, ta nufi igiyar shanya da ke ɗaya ɓangaren, kuma tafiyar da ba ta fi ta minti biyu ba sai ta cinye mata biyar. Ta yi taku shida ta karkata hagu, ta ɗan miƙe, ta sake kaucewa, kamar mai gudun kwatami a inda babu ko ɗigon ruwa. 'Yan wasa sun ɗauka ciwon ƙugu ne. Babu wanda ya lura cewa wuraren da take kaucewa ba sa canzawa, shekara da shekaru.

Mutane ne a wuraren, su arba'in da uku.

Majema ake kiran filin, don masu jimar fata ne suka share shi suka kafa kulob ɗin tun zamanin kakan kakanta. Ishbel ta tashi lokacin da kulob ɗin ke ganiyarsa. Tana da shekara tara mahaifinta ya ɗora ta a wuya ranar da Sandy Meldrum ya zura ƙwallon da ta fitar da wani babban kulob na Glasgow daga gasar kofi. Mutum dubu ashirin ne a wurin, har masaƙar garin ta sallami ma'aikata da rana tsaka. Abin da ta fi tunawa shi ne hular mahaifinta da ta tashi sama ba a sake ganinta ba.

Daga baya aka rufe masaƙar, majemar ma ta bi ta. Samari suka watse neman aiki. Kulob ɗin ya sauko rukuni na biyu, aka yi shekara goma ana cewa baɗi za a koma. Ya sauko na uku, sannan ya faɗo inda ake wasa da ƙauyukan da a da ko sunansu ba a ambata a Ardlennie. Rufin rumfar gabas ya ruɓe aka killace ta, ƙaya ta tsiro a matakalanta. Ranar Asabar mai kyau akan samu mutum ɗari uku da kare ɗaya.

Duk wannan saukowar Ishbel na ciki, hannu a ruwan sabulu. Mijinta George, wanda kowa ke kira Dod, shi ne mai kula da ciyawar filin shekara talatin da takwas. Tsofaffin magoya baya idan sun mutu aka ƙona gawa aka miƙa wa iyali toka, wasiyyar yawancinsu ɗaya ce: a kai su Majema. Amma toka in aka watsa ta a kan ciyawa ƙone ta take yi, ta bar tabo rawaya har kakar wasa ta ƙare. Don haka Dod ya samo tasa hanyar. Yakan yanka ciyawar murabba'i, faɗin tafin hannu biyu, ya ɗaga ta da saiwarta, ya haƙa ƙasa kamar kamu ɗaya, ya cakuɗa tokar da ƙasar, ya mayar da ciyawar ya danna da dunduniya. Bayan mako biyu ko alama babu. Kowa kuma da wurinsa: mai son ɗan wasan gefe a sa shi a gefe, wanda ya taɓa tsaron raga a ƙuruciya a sa shi a bakin raga. Dod ba ya rubuta komai. Ishbel ce ke tsayawa a gefensa riƙe da gwangwanin, kuma ita ce ke riƙe lissafin wuraren a ka.

Crawford Meldrum, ɗan Sandy, mai shagunan kafet a garuruwa huɗu, ya zama shugaban kulob shekara guda kafin mahaifinsa ya mutu. A makonsa na farko ya hana binne toka a fili. Ya ce nan wurin kasuwanci ne, ba maƙabarta ba. Da Sandy ya mutu, Crawford ya sayo tulun tagulla mai murfi, ya sa aka yi masa akwatin gilashi a ɗakin taron shugabanni, ƙarƙashin hoton ƙwallon nan, don baƙi su riƙa gani.

Wata Litinin da sassafe Jessie, matar Sandy, ta shigo ɗakin wanki da gwangwanin biskit a jakar cefane.

“Ga shi nan,” ta ce. “Ku sa shi a inda ya buga ta.”

“Tulun fa, Jessie?” in ji Dod.

“Tulun a cike yake. Na kwashe murhuna jiya.” Ta gyara gyalenta. “Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin taɓo ba zai ƙare a gilashi kamar kifin ado ba. Kada yaron nan ya ji, kun san halinsa.”

Suka sa Sandy a bakin yadi na sha takwas, ɗan nesa kaɗan zuwa dama. Jessie ta mutu bayan shekara biyu ba ta faɗa wa kowa ba.

A shekarar ne ruwa ya yi yawa, aka ɗage wasa biyar a jere, Crawford ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Bai kira Dod ofis ba. A bakin ƙofa ya tare shi, gaban 'yan wasa suna saukowa daga bas, ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullan rumbun kayan aiki. Dod ya daɗe yana kokawa da zoben makullan, yaran suna kallon ƙasa. Ya koma gida ya zauna a kujera yana kallon taga. Wata goma sha huɗu ya yi a haka. Ranar jana'izarsa Crawford ya aiko da furanni a motar shagon kafet, shi kansa bai zo ba.

Ishbel ba ta bar aiki ba, abin da ya ba mutane mamaki. Da kanta ta sa Dod a kusurwar arewa, inda ruwa ke kwanciya, kusurwar da ya yi rayuwarsa yana faɗa da ita. Ta ci gaba da wanke jesuna, tana gaida Crawford in sun haɗu, tana goge masa tawul ɗin ɗakin taro. Shekara shida tana kallon ƙeyarsa tana jira, ita kanta ba ta san me take jira ba.

Sai ga labari cewa da an gama kakar wasa za a kankare filin a shimfiɗa ciyawar roba.

Ta hau ofis da rigar aikinta a jiƙe, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Misis Pirie! Shigo mana. Injin wankin ne kuma?”

“Injin lafiyarsa ƙalau, Crawford. Ya girme ka, kuma ya fi ka aiki. An ce za ka shimfiɗa mana kafet.”

Ya yi dariya irin ta masu shago. “Ciyawar roba, ta zamani. Ba ruwanta da ruwan sama, ba ruwanta da ƙanƙara. Ke ma kin huta da wankin taɓo.”

“Ƙasar fa?”

“Tifofi za su kwashe ta. Masu sabuwar hanya suna neman ƙasar ciko.”

“Akwai mutane a cikinta.”

“A takarda babu kowa. Na hana, kowa ya sani.”

“Yini ɗaya nake roƙo. Ka bar iyalai su zo su ɗauki nasu.”

“In buɗe ƙofa tsofaffi su shigo mini da shebur, wani ya faɗi ya karye, jarida ta ɗauka? A'a. Wanda ya karya doka ya zuba ubansa a filin mutane, shi ya jiyo.”

Ta ƙofar da ke buɗe tana hango tulun tagulla yana ƙyalli a gilashinsa. Kalma goma sun isa. Da ta faɗe su, da ya kira masu kwangila ya tsayar da komai, ko ya aika a tono mahaifinsa da cokalin azurfa, sauran ma su tsira a inuwarsa. Har ta buɗe baki.

“Kuma gaskiya, Ishbel,” ya ce yana tattara takardu, “da Dod ya iya aikinsa, da ba mu kai ga wannan ba. Allah ya jiƙansa, amma fadama ya bar mana.”

Ta rufe bakinta. A karon farko cikin shekara shida ta san abin da take jira.

“Haka ne,” ta ce. “Bari in je, fararen jesuna na cikin ruwa.”

Wasan ƙarshe aka ci su huɗu ba ko ɗaya. Masu kwangila za su shigo ranar Litinin. Ɗakin wanki kuwa yana da ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta fili, kuma babu wanda ya taɓa tunanin karɓar makullan tsohuwa mai wanki. Ita da ƙawarta Senga, mai sayar da burodi mai nama a ciki da romo a bakin rumfa, suka kwana uku suna buga waya.

Ranar Lahadi da hantsi suka zo, ana yayyafi. Zawarawa da sanduna, 'ya'ya masu furfura, wani har daga Aberdeen. Suka zo da shebur da baro da bokitai, wata da keken jariri na jikarta. Ishbel ta tsaya a tsakiyar fili da wuƙar yankan ciyawa ta Dod, tana nunawa.

“Naku yana can, taku huɗu daga tuta. A'a, ba nan ba, wannan na su Lumsden ne, ka matsa. Ku zurfafa kamu ɗaya, ku ɗauko har ƙasar.”

“Rab ɗina fa?” in ji Senga.

“Gefen layi, daidai inda yake tsayawa yana zagin mai ɗaga tuta.”

Senga ta dafa shebur tana haki. “Shekara talatin ina roƙon mutumin nan ya dawo gida ranar Asabar. Yau dai a baro zan kai shi, ko ya so ko ya ƙi.”

“Ki lulluɓe shi, kada ya ga gidan giya a hanya ya diro.”

Aka yi dariya, wasu na share ido. Waɗanda ba su da kowa a raye aka rarraba su, kowa ya ɗauki maƙwabcin nasa. Kafin azahar fili ya zama kamar tsohon bargo da asu ya ci. Mutum arba'in da ɗaya suka fita ta ɗakin wanki, suna barin sawun taɓo a simintin da ta goge jiya.

Arba'in da biyu kowa ya sani, har da Dod. Ishbel ta sa Dod a baro, ta tura shi zuwa bakin yadi na sha takwas, ta tsaya.

Niyyarta ta bar na arba'in da uku a nan. Tun ranar ofis take sassaƙa wannan niyyar, ta yi mata sumul. Amma Sandy ne. Da ya tsufa gwiwoyinsa suka mutu, duk Litinin yakan zo ɗakin wanki ya zauna kusa da injin don ɗumi, yana haɗa mata safa bibbiyu, yana kuskure, tana gyarawa a ɓoye. Bai taɓa ba ta labarin ƙwallon nan ba ko sau ɗaya. Ta tuna tifa, ta tuna katafila. Ta yi tsaki, ta kafa wuƙar.

“Wannan kuma na wane ne?” Senga ta tambaya daga ƙofa.

“Na faci ne. In ta Dod ta ƙi kamawa.”

Ta dasa su biyun a bayan gidanta, gefen katanga, kusa da juna. Washegari ta tsaya a tagar ɗakin wanki tana kallon tifofi suna fita ɗaya bayan ɗaya har yamma.

Aka buɗe sabon filin a watan Agusta. Kore ne shar, irin koren da babu ciyawar da ta taɓa yin sa, yana warin tayar mota. An kafa tebur a da'irar tsakiya, an zo da mai ɗaukar hoto na jaridar garin, da limamin coci, da masu busa. Crawford ya fito da tulun tagulla a hannu biyu, ya ajiye a tebur, ya ɗauki lasifika. Ya yi magana a kan sabon zamani. Ya ce mahaifinsa, wanda ke nan tare da su yau, da ya yi alfahari.

Ishbel na tsaye a gaba da rigarta ta zuwa coci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jira aka gama tafi, wurin ya yi tsit.

“Ba ya nan, Crawford.”

Ya sauke lasifikar kaɗan, yana murmushi. “Misis Pirie, daga baya mu…”

“Babanka ba ya cikin wannan abin. Jessie ta kawo mana shi a gwangwanin biskit, mako guda bayan jana'iza. Ni na riƙe gwangwanin, Dod ya haƙa. A can muka sa shi.” Ta nuna bakin yadi na sha takwas. “Abin da kake ta nuna wa baƙi shekara tara, tokar murhun uwarka ce.”

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

“Tsufa ne,” in ji Crawford, yana kallon limamin. “Ba ta jin daɗi tun da…”

“Buɗe ka gani. Ai ba walda aka yi masa ba.”

Da ya ƙyale ta, da wataƙila maganar ta zama ta tsohuwa mai ɗacin rai. Amma mutum ɗari biyar na kallonsa, shi kuma mutum ne da bai iya barin a ga kamar yana tsoro ba. Ya murɗe murfin, ya karkata tulun a tafin hannunsa. Abin da ya zubo baƙi-baƙi ne, da ƙananan duwatsun kwal da ba su gama ci ba, da ɓawon ƙwai, da guntun sigari mai jan-baki a jiki. Duk wanda ya haura hamsin a wurin ya san launin jan-bakin Jessie Meldrum.

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi wurin da ta nuna, inda babu komai sai roba da farin layi.

“Masu sabuwar hanya na neman ƙasar ciko,” in ji Ishbel. “Kai ka faɗa mini.”

Ta ajiye makullan ɗakin wanki a tebur kusa da tulun, ta juya. A hanyar fita Senga ta riƙo hannunta.

“Ke kuwa Ishbel! Shekara nawa kina zaune a kan wannan ƙwan?”

“Sai da ya ƙyanƙyashe.”

“Amma Sandy fa, baiwar Allah? Sandy a ƙarƙashin kwalta?”

Wannan tambayar ta ɗan taɓa ta, haka ma tunanin Jessie da ta ce kada yaron ya ji. Ta ɗauki duka biyun ta tafi da su gida.

Hoton ya fito a jarida. An ga Crawford kwana biyu a jere a wurin sabuwar hanya, da takalmin roba a kan wandon kwat, yana bin direbobin tifa da tambaya. Suka ce masa ƙasa daga wurare bakwai aka zuba a gangaren nan, mil biyu, kuma an riga an daddanne. Ya yi murabus kafin ƙarshen wata. A gari wasu suka ce ta yi daidai, wasu suka daina gaishe ta a shagon nama. Kulob ɗin kuwa ya ci gaba da shan kashi a kan roba kamar yadda ya sha a kan ciyawa.

Wata Laraba da rana aka ƙwanƙwasa ƙofarta ta baya. Crawford ne, ba kwat, gemu ya tsiro masa fari. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

“Misis Pirie.”

“Crawford.”

“Ba faɗa na zo yi ba.” Ya murza hularsa. “An ce kun shiga waccan Lahadin. An ce kowa ya ɗauki nasa, har waɗanda ba su da kowa.”

“An ɗauka.”

“To na ce ko… ko wani ya yi kuskure, ya haɗa da shi. Ko da kaɗan ne. Ko cikin cokali.”

Yana tsaye a kan dakalin ƙofa. Bayansa, taku biyar, murabba'i biyu na ciyawa sun kama sun yi kyau, sun fi sauran duhu, har sun fara haɗewa. Da ya waiwaya da ya gan su. Ishbel ta dubi fuskarsa, ta ga hancin Sandy, ta ga yaron da ta taɓa goge wa majina a bayan raga ranar da ya ɓace wa uwarsa. Ta nemi tausayi a ranta da gaske, ta lalubo ko'ina. Abin da ta samo shi ne yatsun Dod suna kokawa da zoben makullai.

“Waɗanda ba su da kowa muka ɗauka,” ta ce. “Shi yana da ɗa.”

Ya sake murza hularsa. Ta ci gaba.

“Na hau har ofishinka na roƙe ka yini ɗaya. Ka tuna abin da ka ce mini?”

“Da kin faɗa mini, Ishbel. Wallahi da kin faɗa…”

“Da ka tono naka ka bar namu. Ko ka bar mu mu shiga don kunya. Ni ba kunyarka nake so ba.” Ta kama ƙofar. “Ka bi ta hanyar siminti in za ka fita. Kada ka taka mini ciyawa.”

Ya bi ta simintin, kansa a ƙasa, ya ja ƙyauren katanga a hankali ya rufe. Ta tsaya tana jin takunsa har ya ɓace a layin. Ba ta ji daɗin da ta zata ba, ba ta kuma ji nadama ba. Ta san dai ba za ta kira shi ba, yau ko gobe, kuma duk wanda ya gaji gidan nan zai yanke ciyawar bai san kowa ba.

Ranar kwashe shara ce. Ta sa takalmi, ta ja kwandonta zuwa bakin titi, sannan ta koma ta jawo na maƙwabciyarta mai ciwon gwiwa ta jera shi kusa da nata.